Yamai zuwa Lome ta jirgin sama: abin da ke kawo jinkiri da haƙƙin da doka ta ba fasinja

Tsakanin Yamai da Lome, babban birnin Togo, kilomita 800 ne da ƴan kai idan aka miƙe ta sama. Jirgin da ya tafi kai tsaye kan cinye wannan tazara cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Amma duk wanda ya saba bin hanyar ya san akwai ranakun da zaman jira a filin jirgin sama na Diori Hamani ke fin tafiyar kanta tsawo. Allo ya nuna "retardé", a ƙara awa ɗaya, a sake ƙara biyu, wani lokaci har a ce kowa ya koma gida sai gobe.

Mazaunin Yamai zai tari taksi ya koma cikin iyalinsa. Wanda ya taso daga Maraɗi kuwa, ya riga ya sha tafiyar kilomita sama da 600 a mota. Na Damagaram ya yi kusan 900, na Tawa sama da 500. A wurin waɗannan, "sai gobe" na nufin kuɗin masauki, kuɗin abinci, da alƙawarin da ke jiransu a can gaba wanda ba za su cika ba.

Hanyar ta ƙara muhimmanci a ƴan shekarun nan. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaso mai yawa na kayan da ake shigowa da su ƙasar ya koma bi ta tashar jiragen ruwa ta Lome, don haka ƴan kasuwa da masu fito da kaya na yawan zuwa can. Ban da su akwai ɗalibai, da masu zuwa neman magani, da waɗanda Lome zango ce kawai gare su, inda za su canza jirgi zuwa Akara, Duwala, Dakar ko wani birnin.

Mutane da dama kan ɗauki jinkirin jirgi tamkar ruwan sama, abin da ba a yi masa komai sai haƙuri. Gaskiya ne fasinja ba zai iya sa jirgi ya tashi ba. To amma akwai dokoki biyu da suka ɗora wa kamfanin jirgi nauyi a kan fasinjan da ya tashi daga Yamai: dokar ƙungiyar UEMOA ta 2003, da yarjejeniyar Montreal ta 1999. Kafin a zo kansu, ya kamata a fahimci inda jinkirin ke fitowa, domin dalilinsa na da tasiri a kan abin da mutum zai iya nema.

Jirgin da kake jira daga wani wuri yake zuwa

Bayan rushewar kamfanin Air Afrique a 2002, yankin Afirka ta Yamma ya daɗe yana fama da ƙarancin jiragen da ke haɗa biranensa. Daga baya sababbin kamfanoni suka cike wani ɓangare na giɓin. ASKY, mai cibiya a Lome, ya fara zirga-zirga a 2010 tare da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines na ƙasar Habasha. Air Côte d'Ivoire, mai cibiya a Abijan, ya biyo baya a 2012.

Irin waɗannan kamfanoni na aiki ne da tsarin mahaɗa. Jiragensu kan kwaso fasinjoji daga birane daban-daban, su sauka a cibiya kusan lokaci guda, fasinjoji su yi canjin jirgi, sa'an nan jiragen su sake watsuwa. Kamar dai yadda motocin ƙauyuka ke haɗuwa a tasha ranar kasuwa, kowa ya sauka daga wannan ya hau waccan. Amfanin tsarin a fili yake. Ba kullum ake samun mutanen da za su cika jirgi daga Yamai zuwa Libarbil ba, amma idan aka tara na Yamai da na Bamako da na Wagadugu a wuri guda, jirgin ya cika.

Illarsa ita ce jinkiri na yaɗuwa. Jirgi ɗaya kan yi zango huɗu ko biyar a yini. Idan ya makara minti 40 a zangon farko, ya jira fasinjojin wani jirgi a mahaɗa na wasu mintuna 30, kafin ya iso Yamai an riga an yi asarar sama da awa ɗaya, alhali a Yamai babu abin da ya lalace. Jirgin da ke doguwar tafiya ta awa shida ko bakwai na iya rage wani abu daga cikin makarar a sama. A tafiyar awa ɗaya da rabi babu wannan sarari.

Sai batun yawan jirage. Kamfanonin yankin ba su da ɗaruruwan jirage irin na manyan kamfanonin Turai ko ƙasashen Larabawa, kuma ba sa ajiye jirgin ko-ta-kwana a kowane gari. Idan injiniya ya ga matsala a jikin jirgi a Yamai, sai an gyara, ko a aiko da kayan gyaran daga cibiya, ko a turo wani jirgin da shi ma yana da nasa aikin.

Akwai kuma dokar hutun matuƙa. Ƙa'idojin sufurin sama sun iyakance yawan awowin da matuƙi da sauran ma'aikatan jirgi za su yi suna aiki a jere. Shi ya sa wani lokaci za a ga an gama gyara, sama ta washe, amma a ce ba za a tashi ba sai da safe: lokacin aikin ma'aikatan ne ya ƙare, kuma babu wasu a kusa da za su karɓe su.

Hazo da hadari

Yanayi na da lokuta biyu da ya fi takura wa jirage a wannan hanya. Na farko lokacin ɗari, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga hamada. Kwarin Bodele da ke arewacin Cadi na daga cikin wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya, kuma iskar kan kai ta har gaɓar teku. Matuƙi na buƙatar ya hangi titin sauka daga wani nisa da ƙa'ida ta tsayar. Manyan filaye na da na'urorin da ke yi wa jirgi jagora wajen sauka, amma ko da su akwai iyakar da idan hazo ya wuce ta, dole jirgi ya jira ko ya karkata zuwa wani gari.

Na biyu damina. Daga Yuni zuwa Satumba hadari kan taso wa Yamai daga gabas, yawanci da yamma ko cikin dare, da iska mai ƙarfi da jar ƙura a gabansa. Irin wannan hadari ba ya daɗewa, amma yakan tsayar da tashi da sauka har ya wuce. A Lome kuma damina biyu ake yi: babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Ke nan rana na iya ƙwallewa a Yamai alhali ruwa ne ya riƙe jirgin a bakin teku.

A irin wannan hali matuƙi ne ke da magana ta ƙarshe, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Akwai wasu dalilan da su ma ba daga kamfani suke ba. Hukumar ASECNA, wadda aka kafa a 1959, ita ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar Nijar da Togo da ƙasashe da dama na nahiyar. Lokacin da jami'anta masu ba jirage umarni suka shiga yajin aiki a watan Satumba na 2022, an soke tashin jirage a birane da yawa na yankin. A 2023 kuma an rufe sararin samaniyar Nijar daga ranar 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba. Ko saukar jirgin wani shugaban ƙasa na iya sa a dakatar da sauran jirage na ɗan lokaci.

Dokar UEMOA: yanayi uku da bai kamata a cakuɗa ba

A shekarar 2003 majalisar ministocin UEMOA ta amince da doka mai lamba 03/2003/CM/UEMOA, wadda ta shafi hana fasinja shiga jirgi, soke tashi, da dogon jinkiri. Irin wannan doka ta ƙungiyar na aiki kai tsaye a ƙasashe takwas: Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a watan Janairu na 2025 ba ta shafi wannan doka ba, domin UEMOA ƙungiya ce daban. Fasinjan da ya tashi daga Yamai zuwa Lome na ƙarƙashinta, haka ma idan zai komo daga Lome.

Dokar ta raba tafiye-tafiye gida biyu: waɗanda ba su kai kilomita 2.500 ba, da waɗanda suka zarce haka. Daga Yamai, biranen Lome, Wagadugu, Kwatano, Abijan, Bamako har da Dakar duk suna cikin rukunin farko.

Yanayi na farko shi ne a hana mutum shiga jirgi. Kamfanoni kan sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, abin da ake kira "surréservation" da Faransanci, saboda sun san wasu fasinjojin ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, ko ranar da aka musanya babban jirgi da ƙarami, sai kujeru su kasa. Wanda aka bari a ƙasa, alhali yana da tabbatacciyar kujera kuma ya zo a kan lokaci da cikakkun takardu, yana da zaɓi: a mayar masa da kuɗin tikitinsa, ko a sa shi a wani jirgin. Bayan wannan zaɓi akwai diyyar kuɗi. A gajeriyar tafiya, jika 100 ne (100.000 F CFA) ga mai tikitin gama-gari, jika 200 ga mai tikitin "classe affaires". A doguwar tafiya adadin ya ninka, wato jika 200 da jika 400.

A lura da sharaɗin. Wanda ya iso bayan an rufe rajista, ko wanda fasfonsa ya ƙare, ko wanda aka mayar saboda ba ya da takardar rigakafin shawara, ba ya cikin masu wannan diyya.

Yanayi na biyu shi ne a soke tashin jirgin gaba ɗaya, allo ya nuna "annulé". Nan ma zaɓin na fasinja ne: kuɗinsa, ko wata hanyar da za ta kai shi inda za shi. Wanda taron da zai halarta ya riga ya wuce ba dole ne ya karɓi kujerar jibi ba, yana iya cewa a ba shi kuɗinsa. Idan kamfani ya miƙo takardar bashi da za a yi wata tafiya da ita nan gaba, wadda ake kira "avoir", a karanta sharuɗɗanta kafin a sa hannu, musamman ranar da za ta daina aiki.

Yanayi na uku shi ne dogon jinkiri. A gajeriyar tafiya ana lissafa shi daga awa 3, a doguwa daga awa 5. Abu na farko da ke kan kamfani a nan shi ne kulawa: abinci da abin sha daidai da tsawon jiran, hanyar sanar da waɗanda ke jiranka a can, da masauki idan jiran ya kai ga kwana. Wannan ba alfarma ba ce da ma'aikaci ke yi wa wanda ya ga dama. Sau da yawa wanda ya je gishe ya tambaya cikin natsuwa shi ke samu, wanda ya yi shiru a kujera ya kwana a kanta.

Inda fasinjoji suka fi ruɗewa shi ne ɗaukar adadin jika 100 a matsayin kuɗin da ake ba duk wanda jirginsa ya makara. Wannan adadi na wanda aka hana shiga jirgi ne. Wanda jinkiri ya jawo wa asarar kuɗi, hanyarsa ta neman diyya tana cikin doka ta biyu.

Yarjejeniyar Montreal: diyyar asarar da aka tabbatar

An sa hannu kan wannan yarjejeniya a birnin Montreal na ƙasar Kanada ranar 28 ga Mayu 1999, ta fara aiki a watan Nuwamba na 2003. Nijar da Togo duk suna cikin ƙasashen da suka amince da ita. Sashe na 19 ya ce kamfanin jirgi ne ke da alhakin asarar da jinkiri ya jawo wa fasinja ko kayansa, sai fa idan ya nuna cewa shi da ma'aikatansa sun ɗauki duk matakan da hankali zai ɗauka don kauce wa asarar, ko kuma ɗaukar matakan ba mai yiwuwa ba ne.

Abubuwa biyu ne ke cikin wannan magana. Na ɗaya, babu wani tsayayyen adadi da ake ba kowa. Ana biyan abin da mutum ya nuna ya yi asara: ɗakin otel da ya riga ya biya a Lome bai kwana ba, abincin da ya saya da kuɗinsa lokacin jira, sabon tikitin da ya zama dole ya yanka. Duk wannan sai da takardar shaidar biya. Ribar cinikin da mutum ke sa ran yi da ya isa a kan lokaci ta fi wuyar tabbatarwa, domin ba kasafai take da takarda ba.

Na biyu, nauyin kare kai na kan kamfani. Faɗin "hazo ne" ko "matsalar inji ce" kaɗai bai wadatar ba, sai ya nuna abin da ya yi don rage wa fasinja asara. Sai dai a gane cewa idan hukuma ce ta rufe sararin samaniya, ko hadari ne ya hana kowane jirgi tashi, kamfani na da hujja mai ƙarfi.

Diyyar na da iyaka. Ana lissafa ta da ma'aunin kuɗi na asusun FMI da ake kira DTS, wanda darajarsa ke ɗan hawa da sauka. Tun daga ranar 28 ga Disamba 2024, iyakar diyyar jinkirin fasinja DTS 6.303 ce, wato kusan sefa miliyan 5. Wannan shi ne mafi yawan abin da za a iya biya. Wanda asararsa ta tsaya a jika 60, jika 60 zai nema.

Dokar Turai ba ta bin wannan hanya

Wanda ya bincika intanet da Faransanci zai fi cin karo da dokar Tarayyar Turai mai lamba 261/2004, wadda a ƙarƙashinta ake biyan Yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, idan jirgi ya isa a makare da awa 3 ko fiye. Yuro 250 ya kai kimanin jika 164. Akwai ma shafukan da ke tallar karɓo wa mutum wannan kuɗi su cire kasonsu.

Wannan doka na aiki ne a kan jirgin da ya tashi daga filin wata ƙasar Tarayyar Turai, ko jirgin kamfanin Turai da ke shiga can. Tafiyar Yamai zuwa Lome ko Abijan ba ta cikinta, komai tsawon jinkirin. Inda za ta iya yi wa ɗan Nijar amfani shi ne idan ya taso daga Paris ko Brussels zuwa Yamai da tikiti guda, ko da ya canza jirgi a hanya, misali a Kazablanka. Kawo lambar dokar Turai a gishen kamfani a Yamai kan tafiyar Lome ɓata lokaci ne kawai, kuma yana ba ma'aikaci damar cewa fasinja bai san abin da yake faɗa ba.

Tikiti ɗaya ko tikiti biyu

Babbar asara a gajeriyar hanya ba a awowin jira take ba, tana a jirgi na biyu da ya tafi ya bar mutum. A nan yadda aka yanki tikiti ne ke raba gardama.

A ce ɗan kasuwa daga Maraɗi zai je Duwala ta Lome. Idan duk tafiyar na cikin tikiti guda, mai lambar rajista ɗaya, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai shi har Duwala. Jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi, to nauyin kamfanin ne ya sama masa wata kujerar, ya kuma kula da shi a Lome.

Idan kuwa ya yanki Yamai zuwa Lome a wata ajans, ya yanki Lome zuwa Duwala daban saboda ya fi araha, ciniki biyu ya ƙulla. Kamfani na biyu zai ɗauke shi a matsayin wanda bai zo ba, kuma a bisa sharuɗɗan yawancin tikiti, rashin hawa zangon farko na iya sa a soke na dawowa ma. Rangwamen jika 30 ko 40 da ya samu sai ya koma sayen sabon tikiti a farashin ranar. Tambaya ɗaya ce za a yi wa mai sayar da tikiti: lambar rajistar guda ce ko biyu? Wanda dole ta sa ya raba, gara ya bar tazarar kwana tsakanin jiragen.

Akwai kuma bambancin agogo. Togo, Burkina Faso da Kodibuwa na bayan Nijar da awa ɗaya, Benin kuma agogonta ɗaya da namu. Lokacin da ke kan tikiti na garin da ake magana a kansa ne. Jirgin da ya bar Yamai ƙarfe 9 na safe ya yi awa ɗaya da rabi a sama, zai sauka Lome ƙarfe 9 da rabi agogon can. Wanda bai gyara agogonsa ba na iya kuskuren lissafin tazarar da ke tsakanin jiragensa biyu.

Idan akwati bai iso ba

Jinkiri da canjin jirgi cikin gaggawa su ne suka fi raba fasinja da kayansa. Wanda bai ga akwatinsa ba, kada ya fita daga wurin ɗaukar kaya sai ya je ofishin da ke kula da ɓatan kaya an cika masa takardar da ake kira PIR, an ba shi kwafi mai lamba. Ƙaramar takardar nan da ake liƙa wa a bayan tikiti ko fasfo lokacin auna kaya ita ce shaidar cewa an karɓi akwatin, don haka a adana ta.

Yarjejeniyar Montreal ta tsayar da wa'adi. Kayan da suka iso a lalace, a rubuta wa kamfani cikin kwana 7. Kayan da suka iso a makare, cikin kwana 21 daga ranar da aka karɓe su. Idan kwana 21 suka wuce akwati bai iso ba, fasinja na iya neman diyyarsa a matsayin wanda ya ɓata. Cika takardar PIR a filin jirgi ba ya maye gurbin wasiƙar neman diyya, a yi duka biyun.

Iyakar diyyar kaya DTS 1.519 ce, sefa miliyan ɗaya da ɗoriya, kuma ga kowane fasinja ne, komai yawan akwatunansa. Ƴan kasuwa masu ɗauko atamfa, wayoyi ko turare da darajarsu ta wuce haka na iya bayyana darajar kayan tun wurin auna su, su biya ƙarin kuɗi, iyakar ta ƙaru. Kuɗi, zinari, magani da takardun asibiti ko na kasuwanci kuwa, wurinsu jakar hannu.

Abin yi tun daga filin jirgi

Neman haƙƙi a wannan fanni aikin takarda ne, kuma mafi yawan takardun a ranar ake samunsu ko a rasa su.

A ajiye tikiti da katin shiga jirgi, wato "carte d'embarquement", ko da an sake ba da wani sabo. A ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin da lokacinsa, a kuma adana duk saƙon da kamfani ya aiko ta waya. A nemi wakilin kamfani ya ba da takardar shaidar jinkiri ko ta sokewa, "attestation de retard" ko "attestation d'annulation", mai ɗauke da dalili. Idan kamfani bai ba da abinci ko masauki ba har mutum ya biya da kansa, ya karɓi takardar shaidar biya mai kwanan wata, kuma ya tsaya a kan abin da ya dace, domin kuɗin otel na alfarma kan jawo gardama wajen biya.

Masu larura su yi magana tun da wuri. Mara lafiya, tsoho, mace mai ciki ko mai goyo, da wanda ke da jirgi na biyu a gaba, duk ya kamata wakilin kamfani ya san da su kafin a fara rabon kujerun jirgi na gaba. Zagin ma'aikacin gishe ba ya kawo jirgi, kuma shi ne mutumin da zai nema maka kujera. Fasinjoji su haɗa kai su tura mutum biyu ko uku su yi magana da shugaban ma'aikatan kamfanin a filin ya fi hayaniya amfani.

Bayan tafiya, a rubuta wa kamfanin wasiƙa: lambar jirgi, rana, abin da ya faru, abin da ake nema da adadinsa, tare da kwafin takardu. Na asali su zauna a hannun mai su. Idan an kai wasiƙar ofis da hannu, a nemi a buga hatimi a kan kwafi a matsayin shaidar an karɓa. Kamfanin da ya yi jigilar ake nema, ko da a ajans aka sayi tikitin, sai dai kuɗin da za a mayar kan biyo ta wurin da aka biya.

Idan kamfani ya yi shiru ko ya ƙi, mataki na gaba shi ne hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, ANAC-Niger, da ke Yamai. Idan a Lome abin ya faru, Togo ma na da tata ANAC. Ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye, irin su ADDC-Wadata, wuri ne da za a iya neman shawara. Daga ƙarshe akwai kotu, kuma yarjejeniyar Montreal ta ba da shekara 2 daga ranar da jirgin ya isa ko ya kamata ya isa. Bayan nan haƙƙin kai ƙara ya faɗi. Wanda ya sayi tikitin zuwa da dawowa daga Yamai na iya shigar da ƙararsa a nan gida, ba sai ya bi kamfanin ƙasarsa ba.

Kafin a bar gida

Wasu matakan tun a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ake ɗaukarsu. Lokacin yankan tikiti, a tabbatar lambar wayar matafiyin ce aka sa a rajista, ba ta ajans kaɗai ba, domin ta nan kamfani ke sanar da canjin lokaci. A sake tabbatar da lokacin tashi kafin a hau motar Yamai, a kuma iso birnin kwana ɗaya kafin ranar, saboda makarar mota ba hujja ba ce a wurin kamfanin jirgi. Wanda ke da ganin likita, jarrabawa ko ranar fito da kaya daga tashar ruwa, kada ya sa tafiyarsa a jajibirin ranar, balle a watannin hazo da tsakiyar damina. A riƙe ɗan guzurin kwana ɗaya a aljihu, da kayan sawa na canji da cajar waya a jakar hannu, a kuma tanadi ambulan guda da za a riƙa zuba kowace takarda tun daga tikiti har zuwa ta taksi.